Siniyar Ustaz Saifuddeen

Duk wanda ya yi karatu a madarasar ƙauyenmu, nan bayan garin Hajj Abdalla, ya san muryar Inna Huseina kafin ya san ta mudir, shugaban makarantar. Ita ke dafa wa malamai fatur, abincin hantsi, tun ina 'yar aji ɗaya, ga shi yau ni ma malama ce mai sa hannu a siniyarta, wato tiren abincinta. Gajeriya ce, ga faɗa kamar ta ari baki, amma in ta kirɓa ful, dafaffen waken nan, ta kwarara masa man riɗi, sai ka yafe mata har zagin da ba ta yi ba tukuna.

Ciwonta ɗaya ne, malamin lissafi ba ya zama mana. A turo shi da damina, kafin a tsinke auduga ya tattara komatsansa, yaranmu su shiga jarrabawa da addu'a kawai. Bana kuma jikarta Sabah ce a ajin ƙarshe, yarinyar da ta ƙwallafa rai a kan likitanci. Shi ya sa da aka kawo Ustaz Saifuddeen daga can arewa, wajen Shandi, Inna ta ce wannan kam ko da igiya sai ya zauna.

Sai ta shiga girmama shi irin na gidajenmu. Mu dai baƙo mai daraja ba a sa shi ci a gaban mutane. Ɗaki ake kai masa abinci a ja ƙofa, ya ci ya ƙoshi ba mai kallon lomarsa. Kullum ta shirya masa siniya tasa shi kaɗai, da ƙwai da cuku, ta rufe da faifai ta ajiye a ɗan ɗakin da ke jikin ofis. Mu kuwa muna ofis mun kewaye babbar siniya, ana hira da Hausa ana shewa.

Bawan Allah ya fara ramewa, siniya kuma tana dawowa kusan yadda ta tafi. Inna ta ce kunya ce, ta hana yara bi ta ƙofar. Bai ci ba. Ta yanka masa zakaranta guda, wanda ko da Sallah ta hana a taɓa. Ana cikin haka mudir Abdulwahab ya shaida mana cewa mutumin ya nemi a canza masa makaranta.

Inna ta ajiye ludayi ta ja hannuna muka same shi, wai in cike mata inda Larabcinta ya gaza.

"Ustaz, gishiri ne ya yi yawa?" in ji ta.

"Hajja, abincinki ba shi da aibu," ya ce, kansa a ƙasa. "Ni dai ku gaya mini laifina. A garinmu sai mai cuta ko wanda ya yi abin kunya ake ware wa kwano. Tun da na zo ban haɗa hannu da kowa ba, dariyarku ma ta bango nake ji."

Wallahi tausayinsa ya kama ni har na kasa fassara. Inna ba ta jira ni ba, ta riga ta gane. Ta riƙe haɓa ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ashe zakarana a banza ya mutu."

Kashegari siniya ɗaya ta fito, ba ƙwai ba cuku. Ta cusa shi tsakanin mudir da Malam Almu, mutumin da in ya sauka a kan abinci sai ka ce fara ta faɗa gona.

"Ka yi sauri, ɗana, Almu ba ya jiran baƙo."

Ya nannaɗe hannun riga ya ci har mai ya kai masa wuyan hannu. Da burodi ya ƙare, shi ta aika kanti, a gabanmu duka.

An tsinke auduga, an kwashe dawa, Ustaz yana nan, Sabah kuma ta ishi kowa a gida da lissafi. Jiya ina aji na jiyo muryar Inna daga ƙarshen fili tana cewa, "Kai Saifu, wa ka bar wa kofin shayinka ya wanke maka?" Na leƙa ta taga, na gan shi ya nufi randa da kofin a hannu, bakinsa har kunne.