Magungunan da Suka Zo da Ingilishi

A shekara ta biyu ta babban farin nan, lokacin da hatsi ya bushe a gona tun bai fitar da kai ba, aka tura ni aiki wani ƙaramin gidan likita a ƙasar Cadakori. Ban daɗe da gama lakol ɗin aikin jinya ba. Ni 'yar Gazawa ce, ban taɓa taka yammacin Maraɗi ba sai ranar da mota ta sauke ni a bakin kasuwa da akwatina da tabarmata.

Gidan likitar ɗaki biyu ne da rumfa. Shugabansa wani dattijo ne mutumin Tibiri, dogo, siriri, ba ya son hayaniya. Shi ma ma'aikacin jinya ne, amma duk gari Likita ake ce masa. Ni Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗiyata. A bakin matarsa na ji cewa tun zamanin Nasara ya yi karatu mai zurfi a Yamai, har ana sa ran zai zama cikakken dokta, sai mahaifinsa ya rasu, aka kira shi gida ya riƙe ƙannensa. Shi da kansa bai taɓa tayar mini da zancen ba.

A lokacin mutane suna ta gangarowa daga arewa da jakunansu da tukwanensu. Shanu kam sun mutu a hanya. Suka kakkafa bukkoki a bayan kasuwa. Su da mutanen gari abinci ɗaya ake ci: dusa, da anza wadda sai an jiƙa ta ta kwana biyu ɗacinta ke fita, da garin rogo ga mai hali. Zawo ya kama yara, ƙyanda ta biyo baya. Kabad ɗinmu kuwa ba komai a ciki sai auduga da jan maganin miki da ragowar kinin.

Wata safiya amalanken jaki ya iso daga Gidan Rumji ɗauke da kwalaye, taimako daga wata ƙasa mai nisa. Na yanke igiya cike da murna. Da na ɗago kwalbar farko sai murnata ta koma ciki. Duk rubutun da Ingilishi ne, babu ko layi ɗaya na Faransanci. Na yi Ingilishi a kolej, amma abin da ya rage mini bai wuce gaisuwa da ƙirge da wasu 'yan kalmomi ba.

Na ce, "Baba, mun shiga uku. Ga magani har magani, ba mu san na mene ne ba."

Ya ɗauko tabaransa, wanda ya ɗaure hannunsa ɗaya da zare, ya zauna a kan benci. Ya zaro wani ɗan ƙunshi daga kwali ya duba, sannan ya rubuta kalma ɗaya da bik a jikin kwalin: rehydration. Ya ja layi ya datsa ta gida uku.

Ya ce, "Zo ki gani, ɗiyata. Wannan guntun na gaba, re, da Latin sakewa ne. Na tsakiyar, hydr, ruwa ne a bakin Girkawa. Wutsiyar bar ta, aiki kawai take nunawa. To me aka ce?"

Na ce, "Sake ruwa. Mayar da ruwa."

"A jikin wanda zawo ya tsotse. Kin ma san ta da Faransanci, tsoro ne ya rufe miki ido."

Gaskiyarsa. Da na sake dubawa sai na ga kalmar da na sha rubutawa a lakol, an ɗan rage mata tsawo kawai. Ya ce Faransanci da Ingilishi wuri ɗaya suka je aro, wajen waɗannan tsofaffin harsuna biyu, musamman a sha'anin magani. Ya ce, "Ba kin ga hukunci da hikima da hakimi ba? Asalinsu ɗaya ne a Larabci. In kin riƙe asalin, ko ba ki taɓa jin kalma ba, za ki san inda ta dosa."

Haka muka yini. Ni in ɗago kwalba, shi ya datsa. Ophthalm ido ne. Sub ƙarƙashi, cut fata, ke nan allurar ƙarƙashin fata. Anti kishiya ce, pyr wuta, ke nan mai sauke zazzaɓi. Ba ya faɗa mini amsa kai tsaye. Sai ya ba ni guntayen ya zuba mini ido har in haɗa da kaina. Kafin azahar mun jera fiye da rabin kayan a kabad, ni kuwa ina jin kamar an buɗe mini taga a ɗaki mai duhu.

Sai muka zo kan gajerun kalmomi. A jikin kwalbar wani siro, maganin ruwa mai zaƙi, an rubuta shake well, a jikin wasu ƙwayoyi an rubuta chew. Baba ya juya su ya juya, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Ya ce, "Waɗannan nasu ne na gado, ba aro ba ne. Ba su da gaɓar da zan kama. Ajiye su gefe."

Raina bai so ba, don rumfa cike take da mata da yara. Na ce, "Baba, siro ne fa. Cokali ɗaya me zai yi?"

Ya ce, "Da ɗiyarki ce, za ki ba ta abin da ba ki karanta ba?"

Na ajiye su gefe.

Washegari ina tsaye a bakin rumfa da kwalbar siron, ina ta karanta kalmomin a fili yadda ake karanta Faransanci, ko Allah zai sa in tuna wani abu. Cikin masu jira akwai wani mutum daga bukkokin bayan kasuwa, ya naɗe fuska da rawani, ya rungume 'yarsa a cinya. Yarinyar ta tashi daga ƙyanda, tari ya sauka mata a ƙirji. Na ga kafaɗarsa tana motsi, ashe dariya yake yi.

Ya ce, "Malama, ba haka ake faɗi ba. Shek wel ake cewa. Ki girgiza shi da kyau."

Baba ya leƙo daga ɗaki. "Bawan Allah, ina ka ji Ingilishi?"

Mutumin ya ce ya yi shekaru yana gadi a gidan wani Bature a Ikko, ya tara abin da ya tara ya dawo ya sayi shanu, su ne farin nan ya cinye. Bai iya karatu ba ko kaɗan, amma duk abin da matar gidan ke faɗa wa kuku da mai reno yana cikin kunnensa. Baba ya matsa masa wuri a kan benci. Na karanta chew iri-iri, mutumin yana girgiza kai, har na dace da wani lafazi, ya ce, "Cu! Taunawa ke nan." Muka bi sauran kwalayen haka, dogayen na Baba, gajerun nasa, ni kuma bakin da ke karantawa.

Siron da muka girgiza shi ne ya dace da tarin 'yarsa. Baba ya gane sunan maganin, don kusan ɗaya yake da na Faransanci. Amma a ƙasan kwalbar akwai layin da na iya karantawa da kaina: not for infants. Da Faransanci enfant yaro ne kowane iri.

Na ce, "Baba, an hana ba yara."

Ya karɓa ya daɗe yana dubawa. Ya nuna mini wata kalma a ƙasa, children, da awon cokali a gefenta. Ya tambayi mutumin, ya ce yara ke nan. Ya tambaye shi infant, ya ce bai taɓa ji ba, matar Baturen bebi take cewa.

Baba ya rubuta kalmar a kwali ya raba ta biyu. Ya ce, "In korewa ce, babu. Fant daga magana ta fito. Wanda bai fara magana ba. Faransawa sun shimfiɗa ta a kan kowane yaro, ina jin su Ingilishi sun bar ta a kan jinjiri. Yarinyar nan kuwa ɗazu na ji ta ce wa ubanta tana son ruwa."

Na miƙa hannu zan ɗauko cokali, ya ce in dakata. "Ina jin na ce, ban ce na sani ba. Asalin kalma hanya yake nunawa, ba ya rantsuwa."

Ya sa ni in dinga ba ta ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Ya fito da tsohon babur ɗinsa, ya juye ɗan man da yake tattali saboda haihuwa mai gardama, ya sa kwalbar a aljihu, ya kama hanyar Gidan Rumji cikin tsakar rana don ya tambayi malamin Ingilishi na kolej. Hanyar rairayi ce, rabi hawa rabi turi. Sai bayan la'asar ya dawo, leɓɓansa sun bushe, ƙafarsa ɗaya ta ƙone a jikin salansa. Tun bai kashe babur ba ya ɗaga mini kwalbar ya ce, "Jinjiri ne. Girgiza ki ba ta."

Yarinyar ta tashi. Ba duka suka tashi ba. Akwai waɗanda aka kawo mana a makare, akwai waɗanda ba magani suke bukata ba, abinci ne, mu kuwa ba mu da shi. Ranar da muka rasa yaro Baba ba ya koya mini komai. Sai ya yi alwala ya bi gawar, ya dawo ya ci gaba da aiki shiru.

Sauran ranakun kuwa, da zarar rumfa ta ɗan yi sauƙi, sai ya ba ni asali ɗaya ya ce in nemo masa 'ya'yansa. Wani lokaci ya kafa mini tarko. Ya ba ni ped ya ce ƙafa ce da Latin, na yi ta murna ina kawo kalmomi, sai ya nuna mini pediatric a jikin kwali ya ce, "To wannan likitan ƙafa ne?" Ya bar ni ina ta kame-kame, sannan ya ce wannan ta Girkawa ce, yaro take nufi, kama ce kawai suka yi. Da irin waɗannan guntaye na fara tara Ingilishina, har daga baya na iya karanta littattafan aikinmu da ba a fassara ba.

Mutumin rawani ya zama ɗan gida. Duk ranar da sabon kwali ya zo, Baba zai aika a kira shi, yana ce masa Malam. Shi kuma ya yi ta jin nauyi yana cewa, "Likita, ni fa gadi na yi." Baba ya ce, "Wanda ya koya mini abin da ban sani ba, me zan ce masa?"

Da damina ta dawo, ƙasa ta yi kore, mutanen bayan kasuwa suka fara watsewa. Wasu sun roƙi gona sun zauna. Baba ya yi wa Malam magana wajen mai gari, aka ce za a ba shi fili, amma ya ce shi bai iya duƙawa a gona ba, wani ɗan'uwansa ya yi masa alkawarin awaki a arewa. Ya biyo ta gidan likita da safe ya yi mana sallama, kayansa a kan jaki, matarsa a gaba, yarinyar tana biye da ƙafarta tana jan wani kara a ƙasa. Baba ya tsaya a bakin rumfa yana kallonsu har suka shige cikin gonaki. Sannan ya juyo ya ce, "Ɗiyata, kira mai bi a layi."