Baba Dawuda Mai Lasar Dutse

Kafin masu keke su fara hayaniya a unguwar Dutsen Kura da ke Minna, Baba Dawuda ya riga ya yi addu'arsa, ya sha kokonsa, ya saɓa diga. Shekara talatin da takwas ke nan yana haka. In ya isa inda aka kira shi haƙar rijiya, ba ya fara sara. Sai ya zaga filin a hankali, ya tsinci dutse, ya fasa, ya lasa, ya ɗaga shi yana kallo. Matarsa Rifkatu ta gaji da mita. "Baban Joshua, miyata ce ba ta ishe ka ba?" Shi kuwa cewa yake busasshen dutse ba ya nuna fuskarsa, sai an jiƙa shi ake ganin ƙwayoyinsa.

A littattafan da muka karantar da yara an rubuta cewa Minna tana zaune ne kan tsohon dutse da ya haura shekara miliyan ɗari biyar, wai kuma irin wannan ƙasa ba ta riƙe ruwa. Rabin farko gaskiya ne. Rabi na biyu kuwa, wanda ya rubuta bai taɓa shiga rami ba. Dutse ma yana tsufa, ya ruɓe, ya tsage, kuma a nan ruwa yake kwanciya. Baba Dawuda bai gama firamare ba, amma da harshensa ya karanta wannan.

Ku tambayi Magdalina, shugabar matan wata unguwa a bayan Barkin Sale. Sau biyu ana kawo musu injin burtsatse, sau biyu yana tashi ya bar musu ƙura. Mata suka ci gaba da saɓa jarka zuwa rafi mai nisa. Da zafin watan Maris ya tsananta, sai ta je ta ɗauko Baba. Ya zaɓi gindin wani ɓaure da ya ƙi bushewa, a filin wani mai shago, Malam Kudu, wanda ya ce ya ba wa unguwa wurin kyauta.

An kai gaba shida sai guga ya fito da ƙasa mai ƙyalli, rawaya, tana wal-wal a rana. Malam Kudu ya leƙa, ya dafe ƙirji.

"Zinari! Wallahi zinari ne!"

Kafin azahar maza sun cika wurin da shebur. Malam Kudu ya sunkuya bakin ramin ya ce, "Baba, fito haka nan. Maganar rijiya a dakata tukuna."

Magdalina ta riƙe ƙugu. "Malam Kudu, da zinarin za mu tuƙa tuwo?"

Kowa ya san in aka buɗe ramin da shebur gefensa zai rufta, rijiya ta tafi ke nan. Baba Dawuda ya hauro, bai ɗaga murya ba. Ya ce a ba shi tasa da ruwa. Magdalina ta juye masa ragowar abin da ta ɗauko daga rafi da safe. Ya zuba ƙasar, ya riƙa juya tasar yana tsiyayewa.

"Zinari nauyi gare shi," ya ce, "a gindin tasa yake zama. To ku zuba ido."

Ƙyallin nan kaf ya bi ruwa ya fice, gindin tasa sai yashi. Ya tsinci ƙwayar ƙyallin guda a ƙasa ya danna da farce, ya ɓare kamar ɓawon kifi.

"Wannan ɓawon dutse ne. In ka gan shi, dutsen ya ruɓe, ruwa yana kusa."

"In babu fa?" in ji Malam Kudu.

"Ka ba ni kwana uku. In babu, ka riƙe ramin, ka haɗa da digata."

Rana ta biyu ba komai. Rana ta uku da hantsi guga ya fito da taɓo, sai ga muryar Baba daga ƙasa: "Ku ce wa Magdalina ƙafata ta jiƙe!" Guɗa ta kaure. Wata tsohuwa ta kifa jarkarta ta mai da ita ganga.

Baba, kai ne ka shiga inda masu takarda suka tsaya daga sama suna nuni. Kai ne ka gaya wa mutum gaskiyar da ba ya son ji, a gaban jama'a, ba tare da ka kunyata shi ba. Rijiyoyinka sun watsu har hanyar Zungeru, babu ko ɗaya da aka rubuta sunanka a jikinta.

A watan jiya gwiwa ta ce ya isa, 'ya'yansa suka ɓoye digar. Matan unguwar suka kai masa ruwan rijiyar a sabon bokiti, Malam Kudu ne ma ya jawo shi da hannunsa, ko da yake Magdalina ta rantse har yau in ya ja guga sai ya leƙa gindinsa. Baba ya kurɓa, ya miƙa wa Rifkatu kofin.

"To, ga miyar dutsen da kike ta tambaya."

Ta shanye tas, ta ce a ƙaro.

Mun gode, Baba Dawuda. Allah ya ba gwiwar nan lafiya. Ku kuma matasa masu karatun duwatsu, ƙofarsa a buɗe take. Ku je ku zauna, ku ajiye takardar a gefe, in ya miƙo muku dutse ku lasa.