Ƙorafin da Ba a Ce wa "Na Gani" Ba

Idan lokacin abincin rana ya yi, abokan aikinta su fice, ita kuma ta shige ɗakin ajiya na kantin maganin da take aiki. Kwali ne teburinta. Ta buɗe kwamfutarta mai tsagaggen gilashi, ta shiga shafin ƙorafi na manhajar nan ta kyauta da ƙananan kantuna ke duba maganin da ya kusa lalacewa da ita. Manhajar ta kowa ce, kowa na iya leƙa cikinta ya gyara. Sharar shafin ce aka bar wa mutum ɗaya.

Wani ya rubuto "ba ta aiki" kawai, ya tafi. Wani ya zo da zagi. Wani ya maimaita abin da aka gyara tun bara. Ita za ta tsince su, ta gwada matsalar da hannunta, ta haɗa masu kama da juna, ta miƙa wa masu gyara abu a wanke. Amma kafin komai sai ta rubuta wa kowa kalma biyu: "Na gani." Shi ya sa muke ce mata Anti Na-Gani.

Wani mai kanti ya ba ni labari, ya yi mata faɗa da manyan baƙaƙe, wai kwanan wata na juyewa. Ta bi shi da tambaya a hankali har aka gano agogon kwamfutarsa ne ya tsaya. Ba ta kunyata shi ba, cewa ta yi tambayarsa za ta amfani wasu.

Ƙanenta yakan tsokane ta: "Yaya, mutanen nan ko sunanki sun sani?"

"Sun dai san inda za su kai kuka," in ji ta.

Anti, ke ce mai amsa sallamar da ba wanda ya ji. Ke ce kika ci abincinki da sanyi shekara da shekaru don kada baƙo ya yi magana shi kaɗai. Ni da ban jure zaman aji ba, na rasa yadda kika jure wannan ɗakin da ko taga babu.

Yanzu idanunta sun gaji, likita ya ce ta rabu da gilashin kwamfuta. Sai ta buɗe ƙorafi nata na kanta, karo na farko, tana neman wanda zai karɓi shafin, don in babu mai tsincewa masu gyara za su watse. Har yau yana nan a buɗe. Kullum da rana takan leƙa, ta rufe kwamfutar.

Anti, mun gode, Allah ya saka, ya ba idanunki lafiya. Ku kuma masu karatu, ba sai kun iya rubuta manhaja ba, haƙuri ake nema. A duk shafin, ƙorafinta ne kaɗai na tarar ba a amsa ba. Na je na rubuta mata kalma biyun nan. Akwai sauran wuri a ƙarƙashin amsar tawa.