Ranar da Biro Ya Gagari Kawu

Salamu alaikum jama'a. Wata biyu ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu na cewa wata tsiyar nake ƙullawa. Ba tsiya ba ce. Farke ni aka yi.

Daga cibiya ciwon ya fara, ya gangara dama. Da yake an san halina, kwana biyu ina murƙususu 'yan gidanmu na dariya. Sai da amai ya ƙi tsayawa Umma ta sa aka kwashe ni a Keke daga Unguwar Shanu zuwa asibiti.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likita ya ce afendis ne, ya kusa fashewa, yau za a yi aiki. Amma sai wani nawa ya sa hannu a takarda.

Aka kira Kawu Sabo, yayan Umma, ma'aikacin gwamnati. Kun san irinsa. Kullum a majalisa yana zuba Turanci yana fassara mana: wai ƙasar nan tiyata take buƙata, a farke ta, a yanke ruɓaɓɓen nama a yar, ba tausayi. Har da sara iska da hannu.

Nas ta miƙa masa biro. Ya karanta takardar sau biyu. Ya cire tabarau ya goge.

"Yanzu in yaron nan bai tashi ba, ni za a tambaya?"

"Alhaji, lokaci na tafiya," in ji likita.

Sai Kawu ya ce bari ya kira wani abokinsa, ya fita. Har yau abokin bai ɗauka ba.

Ni kuwa ina kwance ina kalmar shahada, babu wasa ko ɗaya a bakina.

Umma, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko, ta dubi nas. "'Yar nan, kawo tawada." Ta dangwala babban yatsanta. "Ku yanka, Allah na nan."

Na farfaɗo da ɗinki. Ba ci ba sha sai ƙarin ruwa, nas na ta tambaya ko na yi tusa, wai ita ce alamar hanji ya koma aiki. Ranar da na yi, Umma har da hamdala.

Kawu ya zo dubiya da lemo, wai ai ƙaramin aiki ne. Na ɗaga riga in nuna masa, ya juya fuska bango. Babban likitan ƙasa ke nan!

Alhamdulillahi, na warke. Likita, nas-nas, da ku masu addu'a, Allah Ya saka. Umma, Allah Ya ba ki Aljanna.

Ciwon ciki in ya koma dama da amai, kar ku tsaya jiƙe-jiƙe, ku nufi asibiti. Kuma ku tafi da mai yatsa, mai baki ya jira ku a majalisa.