Randunan Ƙofar Gidanmu

Shekarun baya, muna zaune a Omdurman, mahaifina ya rasu. Mahaifiyata ta sa aka kafa randuna biyu a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, abin da muke kira sabil: duk mai wucewa ya sha, ladan ya je wa mamaci. Ciwon ƙafa ya hana ta fita, don haka ni nake cika su kowace safiya.

Ni ce kuma mai shara. Tsakar gidanmu fes, har alfahari nake yi. Sharar kuwa bayan katanga nake watsa ta, dab da bishiyar, don a layinmu daga bakin ƙofa zuwa waje na hukuma ne. Motar shara ta daina zuwa, maƙwabta suka ga na buɗe hanya. Leda, ɓawon kankana, ƙayar kifi, sai ga bola ta tashi. Ƙudaje suka tare, mutane suka daina tsayawa.

Da na ga ruwa ba ya raguwa, maimakon in ɗauki tsintsiya sai na ɗauki wayo. In zubar da na jiya, in cika sabo, in shiga in ce, "Inna, tas suka shanye."

Ran nan bayan la'asar ta ce, "Ya bitti, 'yata, moɗar randunan nan da sarƙa take. Daga nan nake jin ƙararta in an sha. Na kwana biyu ban ji ba. Kama ni mu fita."

Muna tsaye a ƙofa wani mai amalanken jaki ya zo, gumi sharkaf. Ya dubi randuna, ya dubi bola, ya kaɗa jakinsa ya wuce. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Wallahi ba ni da abin aika wa babanki sai moyan nan, ɗan ruwan da mutane ke sha."

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina. Kwana uku muna kwasa, ni da maƙwabciyata, ana yi mana dariya wai mun samu aikin gwamnati.

Har yau in na tuna sai in ji nauyi. Ashe ba shara nake yi ba, matsar da datti nake yi zuwa inda idona ba ya kai wa. Yanzu duk inda na zauna, daga titi nake fara shara in shigo ciki.

Ranar da sarƙar ta sake ƙara, ina kusa da Inna. Ta ɗaga yatsa, in yi shiru, har mai shan ya ajiye moɗa. Sannan ta ce, "Halas, shi ke nan, ladan ya isa ga babanki."