Kwat Shuɗiya a Bayan Ƙofa

Shekara goma sha ɗaya Nomvuzo Mpahlwa ta yi tana ɗinka kayan ma'aikata a kamfanin wani Bature, Mista Lategan. Keken ɗinkina yana kusa da nata, don haka ba ji na yi a bakin wani ba. Mace ce gwanar ɗinki, ba ta da surutu. Burinta guda ne tun da na san ta: ta ga kwangilar ɗinki da sunanta, ta daina yi wa wani bauta.

Da gwamnati ta fara fifita kamfanonin baƙaƙen fata wajen rabon kwangila, ko gezau Lategan bai yi ba. Ya kira ta ofis, ya ba ta shayi a kofin manyan baƙi, ya tura mata takardu.

"Sa hannu nan. Daga yau ke darakta ce, kamfanin ma rabinsa da ɗoriya naki ne."

"Darakta ta me, maigida?"

"Ta komai. Amma gobe ƙarfe bakwai ina son ganinki a kan keke."

Akwai wata kwat shuɗiya a rataye bayan ƙofar ofis. Duk ranar da masu bincike za su zo, sai a sa mata, a zaunar da ita a kujera mai juyawa, a ɗauki hoto. Suna fita a karɓe kwat. Mu kuma mu yi ta tsokanarta: "Ranki ya daɗe darakta, a taimaka mana da zare." Har yau ina jin kunyar dariyar da na yi.

Daga baya ta ajiye aikin, ta sayi kekuna huɗu na hannu, ta buɗe shago a garejin gidanta a unguwar Mdantsane, na bi ta. Shekara biyu muna ɗinkin kayan makaranta kafin hukuma ta fitar da kwangilar rigunan masu shara, aka ce an ware ta don mata irinmu. Nomvuzo ta ɗinka samfuri, ta goge shi sau uku, muka shiga mota zuwa gari.

Akawun ya danna lambar katin shaidarta, ya daɗe yana kallon na'ura.

"Mama, sunanki yana cikin waɗanda aka haramta wa kwangila. Shekara goma."

"Laifin me, ɗana?"

"An kama tsohon kamfaninki da ƙarya a kan wanda ya mallake shi. Ga sa hannunki."

"Ni ɗinki kawai na yi."

"Takarda ba ta ce haka ba, Mama."

Ni na tayar da jijiyar wuya har mai gadi ya matso. Ita kuwa ninke samfurin ta yi ta mayar cikin leda. Shekarunta hamsin da shida, kuma tuni allura ta fara yi mata gardama a ido.

Wani sabon kamfani mai suna da yarenmu ne ya ci kwangilar, ya ce zai raba wa ƙananan shaguna aikin. Ciki ba ya jira, muka je karɓar yadi. Ginin Lategan ne dai, allo kawai aka sake, ga motar Lategan a inuwarta ta kullum. A ofis muka tarar da Mzoxolo, wanda a da yake ba furannin kamfanin ruwa, zaune a kujera mai juyawa. Kwat shuɗiyar nan ce a jikinsa, ta yi masa kaɗan, hannunta bai kai wuyan hannunsa ba.

"Yaya Nomvuzo, kin ga yadda Allah ya yi da ni?" Bakinsa har kunne.

"Ka riga ka sa hannu?"

"Tun Litinin."

Ta matsa ta gyara masa wuyan kwat ɗin.

"Aljihun hagu a yage yake, ƙanena. Kada ka sa komai a ciki."

Ta ɗora bandir ɗin yadi a ka, muka fita.