Rusunawar Bakin Gada

Cikin abubuwan da suka same ni a unguwar Plumstead, akwai ɗaya da ko tsufa ya cinye sauran, shi zai bar mini.

Ni malamin tarihi ne, amma darasin da ya fi ba ni wuya a London a gida na koyar da shi: sa 'yata, haifaffiyar nan, ta rusuna in za ta gaida babba. Da ƙyar na samu gwiwarta ta fara lanƙwasa, ga kuma mahaifiyata, Hajiya, na shirin zuwa daga Kano. Na san ba digirina za ta duba ba, gwiwar jikarta za ta duba.

A ɓangaren benen da ke ƙasan namu akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar Sin, mai kirki ƙwarai. Wata Asabar muka haɗu da ita a matakala, yarinya ta rusuna har ƙasa. Ina jiran yabo, sai na ga fuskar tsohuwar ta canza.

"Tashi, 'yata," ta ce. "Kada ki ƙara yi mini haka."

Ta shigar da mu, ta haɗa shayi. Ta ce a Shanghai ta tashi, a unguwar da Turawa ke mulki. Da yaƙi ya zo, sojojin Japan suka mamaye sauran birnin, unguwarsu ta zama tsibiri: waya mai ƙaya ta ko'ina, shinkafa sai an yi layi. Mahaifinta kuwa a tsallaken wata gada yake aiki, ɓangaren da Japan ta mamaye, kuma duk mai wucewa sai ya sunkuya wa sojan da ke gadi. Wata safiya sojan ya ga sunkuyon bai isa ba, ya sharara masa mari a gabanta, ya sa shi maimaitawa har hularsa ta faɗi.

"'Yan sandan Turawa fa?" na tambaya.

"Suna nasu ɓangaren gadar, Malam. Suna kallon ruwa."

Muna hawowa sama 'yata ta ce, "Baba, na daina. Ko Hajiya ce." Na kawo hujjoji daga tarihi, ta ce ita ma daga tarihi ta kawo tata. Na ƙyale ta, don ni na koya mata gardama.

Ranar da Hajiya ta iso, tsohuwar na tsaye a ƙofarta. Yarinya ta ƙame kamar sandar rake. Hajiya ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke, 'yar Ingila, gwiwar taki ta katako ce?"

Ko kunya ce, ko tsoro, sai gwiwar ta ɗan lanƙwasa. Kafin ta kai ƙasa Hajiya ta cafe hannunta, ta ɗago ta, ta rungume. "Tashi, tashi, Allah ya yi miki albarka. Ba sa ba ki abinci ne a nan?"

Tsohuwar ta daɗe tana kallonsu. Can ta ce wa 'yata a hankali, "Wancan sojan bai taɓa ɗago kowa ba."

Tun daga ranar yarinya ke rusuna wa tsohuwar ita ma, ita kuwa da sandarta da komai sai ta miƙo hannu ta ɗago ta. Ni da na zaci gwiwa nake koyarwa, ranar na gane rabin gaisuwar yana hannun wanda aka rusuna wa.